Tumatirin Yuni, Tun Afrilu Ake Rasa Shi

Kasuwar Kwanar Gafan da ke Garun Malam, a kan hanyar Kano zuwa Zariya, fuska biyu gare ta. A Fabrairu da farkon Maris kwandunan tumatir ne jere har bakin kwalta, dillali na jan aji, manomi na neman wanda zai ɗauka ko da kuɗin kwando da na masu tsinka kawai zai fitar. Abin da ya kwana bai samu mai saye ba, a yayyanka a baza a rana ya zama kauɗa. Wata uku bayan haka, a Mayu da Yuni, wurin ya yi fayau, ɗan abin da ya shigo kuɗinsa ya ninka sau da yawa, magidanta sun koma kan tumatirin leda da na gwangwani.

Kowace shekara akwai wanda zai dubi wannan tazara ya yi lissafi: ruwan madatsar Tiga bai ƙare ba, ga injin ban ruwa, ga fili, me zai hana ya jinkirta dashe da wata biyu ko uku ya riski kasuwa a lokacin tsada? Ta fuskar kuɗi lissafin yana da kyau. Inda yake karyewa shi ne a ɗauka noman bazara noman hunturu ne da aka ja wa lokaci. Iri, yawan ban ruwa, taki, har da lokacin da ake ɗaukar famfon feshi, duk sai sun sauya, kuma mafi yawan masu asara abu ɗaya kawai suka sauya, wato ranar dashe.

A fara da ƙidayar kwanaki, domin a nan maganar take. Tumatir yana yin mako uku zuwa huɗu a wurin reno kafin ya fitar da ganye huɗu ko biyar ya isa dashe. Bayan dashe da mako huɗu zuwa biyar furen farko ke buɗewa. Daga fure zuwa ɗan da ya isa tsinka akwai mako shida zuwa bakwai. In aka juya lissafin baya, tumatirin da ake so ya shiga kasuwa a farkon Yuni, a tsakiyar Afrilu zai yi fure. Afrilu kuwa shi ne watan da zafi ya fi gasa Kano da Jigawa da Katsina, da rana ma'auni ya kai digiri 40 ko ya wuce, da dare ya ƙi sauka ƙasa da 24 ko 25.

Ganyen tumatir yana iya jure wannan in akwai ruwa. Furen ne ba ya iyawa. Shukar tana ɗaura 'ya'ya yadda ake so idan rana tana tsakanin digiri 21 da 29, dare kuma tsakanin 15 da 20, abin da hunturu ke bayarwa kyauta daga Disamba zuwa Fabrairu. Da zarar rana ta haura 32 zuwa 35 kwanaki a jere, dare ya haura 22, garin furen da ke yin barbara sai ya ragu, wanda ya samu ma yawancinsa matacce ne. Ɓarnar tana faruwa tun furen yana ƙunshe, kimanin kwana 9 ko 10 kafin ya buɗe, shi ya sa zafin makon jiya ne ke zubar da furen wannan mako, ko da yau an tashi da hazo. Akwai kuma wata illa: a tsananin zafi sandar macen furen takan yi tsawo ta zarce mazugin da ke riƙe da garin, ta bushe a iska, garin ya kasa hawa kanta. Wanda ya tsuguna ya duba zai ga 'yar gaɓar da ke wuyan furen ta yi rawaya. In ya taɓa da yatsa sai furen ya faɗo masa a tafin hannu, a gindin shukar kuma ga busassun furanni zube kamar an watsa ƙaiƙayi.

Zafin dare ya fi na rana muni a nan, kuma shi ne wanda ba shi da magani a fili. Inuwa tana rage na rana. Na dare sai dai iri mai juriya ko canjin wuri, dalilin da ya sa idan kayan Kano sun yanke ido ke komawa Filato, inda tudun kewayen Jos ya kai kusan mita 1,200 kuma dare ke da sanyi ko a bazara.

Kuskuren da aka fi yi idan an ga fure na zuba shi ne a ce shukar yunwa take ji, a zuba mata Uriya. Sai ta yi kore shar, ta yi ganye luf, mai gona ya ji daɗi, fure kuma ya ci gaba da zuba fiye da da, domin yawan sinadarin sa ganye da ke cikin Uriya yana tura ƙarfin shuka ga toho. Ga shi kuma sabon ganye mai taushi shi ne abincin da ƙwari suka fi so. A bazara gara a sa takin gida ruɓaɓɓe da NPK tun wajen shirya ƙasa, a raba Uriyar kashi biyu ko uku ƙanana, daga lokacin da 'ya'ya suka fara kamawa kuma a karkata ga taki mai yawan fotash. Ɗanyen kashin kaji a wannan zafi ƙona saiwa yake yi.

Batun iri kuwa, UC82B da manoma ke kira UTC, da Roma VF, su suka riƙe noman rani shekara da shekaru, saboda tauri da jure doguwar tafiya da araha. Amma na sanyi ne. Akwai haɗaɗɗun iri masu alamar F1 a jikin fakiti, irin su Padma da Platinum na East-West Seed, Kilele da Chibli na Syngenta, da Cobra na Technisem, waɗanda ake sayarwa don jure zafi ko cututtukan damina, kowanne da inda ya fi ƙarfi. Kalmar juriya a nan tana nufin zai kama wasu 'ya'ya a inda UTC zai zubar da duka. Ba ta nufin zai ba da amfanin Janairu a Afrilu. Mai hankali yakan gwada iri biyu ko uku a 'yan kunyoyi shekara guda kafin ya zuba jarinsa a ɗaya, kuma ba a cire iri daga 'ya'yan F1 a sake shukawa, domin jikokin warwatsewa suke yi, kowanne da kamarsa.

Ragar inuwa mai tare kashi 30 zuwa 40 na hasken rana tana taimakawa sosai ga mai ƙaramin fili. In ta fi haka kauri shukar sai ta yi tsawo ta yi laushi, fure ya ragu. Wanda ba shi da kuɗin raga yakan shuka layin masara mako uku kafin dashe, bayan kowace kunya huɗu ko biyar, layin ya miƙe daga kudu zuwa arewa domin inuwarsa ta faɗa kan tumatir bayan azahar, lokacin da rana ta fi cizo. Sai dai a sa ido, domin tsutsar nan mai huda tumatir ta shige ciki tana son gemun masara, kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Lulluɓe ƙasa da bambaron shinkafa, wanda a Kura da Bunkure ƙona shi ma ake yi, kaurin santimita 5 zuwa 8, yana sanyaya saiwa kuma yana riƙe laima, amma a bar tazarar yatsu huɗu daga jikin kara saboda gara da ruɓa. Baƙar leda da ake shimfiɗawa a kunya tana da kyau a hunturu. A bazara dafa saiwa take yi, sai dai mai fari ko ruwan azurfa a sama. Kada kuma a yi wa shukar sassabe da yawa, domin ɗan tumatirin da ya rasa ganyen da zai rufe shi yakan yi farin tabo a gefen da rana ke duka, fatar ta zama kamar takarda, daga nan ruɓa ta shiga.

Ruwa shi ne ke cinye ribar bazara tun kafin ƙwari su zo. Cikakkiyar gonar tumatir a Afrilu takan sha kusan milimita 7 zuwa 8 a rana. Milimita ɗaya a hekta guda lita 10,000 ce, wato lita 70,000 zuwa 80,000 kullum, ban da abin da ke tsiyayewa a hanya kafin ya isa fangali. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, wannan adadi ya zama kuɗi mai nauyi ga mai injin fetur, shi ya sa injin sola da ban ruwa na ɗigo suka fara shiga lissafin ƙananan manoma. Amma yawan ruwan bai kai tsarin bayar da shi muhimmanci ba. Fangalin da ake cikawa duk bayan kwana biyar ko bakwai a hunturu, a bazara sai kwana biyu ko uku, a jigawa ma kullum, kuma kaɗan-kaɗan. In aka bar ƙasa ta bushe ta tsage sannan aka ambaliya mata ruwa, abu biyu ke biyo baya. Na farko baƙin gindi: ƙasan ɗan tumatirin ya yi baƙi ya lotsa ya bushe kamar fata. Mutane kan ɗauka cuta ce su yi ta fesa maganin ruɓa, alhali sinadarin kalsiyam ne bai isa wurin ba, ba don babu shi a ƙasa ba, sai don da ruwa yake tafiya, in ruwan ya katse ganye ke kwashe ɗan abin da ya samu ya bar 'ya'ya. Na biyu tsagewa, saboda cikin ɗan ya kumbura da sauri fata ba ta shirya ba. Kuma ba a cika fangali da tsakar rana. Ruwan da ya kwanta ya yi zafi yana toshe wa saiwa iska, sai ka ga shuka ta yi yaushi alhali tana tsaye cikin ruwa. Asuba ko yamma lis.

Sai babban abokin gaba, wanda manoma ke kira sharon, jaridu suka sa masa Ebolar tumatir, masana kuma suka san shi da Tuta absoluta. Asalinsa Kudancin Amurka ne. An gan shi a Sifaniya a 2006, ya tsallaka Arewacin Afirka a 2008, ya iso Najeriya a wajen 2015. A bazarar 2016 ya yi ɓarnar da har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu, kamfanin Dangote na Kadawa kuma, wanda aka gina don ya sarrafa tan 1,200 a rana kuma bai daɗe da buɗewa ba, ya dakatar da aiki saboda rashin kaya. A 2023 ya sake dawowa da ƙarfi.

Ita uwar sharon, ɗan ƙaramin asu ce mai ruwan toka, tsawonta bai wuce milimita 6 ko 7 ba. Da rana tana laɓe a ƙarƙashin ganye, da magariba take fitowa; in aka girgiza shuka za a ga suna tashi kamar ƙura su sake sauka. Mace ɗaya tana iya zuba ƙwai har 260, ɗai-ɗai, yawanci a bayan ganyen sama da kan toho. Bayan kwana huɗu ko biyar tsutsa ta fito, ba ta daɗewa a waje take huda ganye ta shiga tsakanin fatar sama da ta ƙasa, ta cinye koren da ke ciki. Abin da ido ke gani shi ne wani faffaɗan tabo mai haske kamar taga, da baƙin kashi tare a gefe ɗaya. In aka ɗaga ganyen aka duba ta wajen rana za a ga tsutsar kwance a ciki. Wannan ya bambanta da siririn zane mai karkace-karkace kamar rubutun yaro, wanda tsutsar wani ɗan ƙuda ke yi kuma bai kai wannan haɗari ba. Idan ganye ya ƙare sai ta shiga toho da kara da 'ya'ya, tana son huda wajen hular ɗan tumatirin, inda ba a saurin gani.

Abin da ya haɗa ta da bazara shi ne gudun haihuwa. A sanyin digiri 14 tana buƙatar sama da kwana 70 daga ƙwai zuwa uwa, a digiri 27 kuwa kimanin kwana 24 kacal. Zafin da ya wuce kima yana takura ta ita ma, amma cikin ganyen gonar da ake shayarwa ya fi sararin waje sanyi, don haka ba ta rasa mafaka. Sai dai zafi kaɗai bai isa ya bayyana abin da ke faruwa a Afrilu ba. Tun Nuwamba take ninkawa a hankali a dubban gonakin hunturu. A Maris, da farashi ya faɗi, yawancin manoma sukan daina feshi, su daina tsinka, su bar shukar a tsaye da ruɓaɓɓun 'ya'ya su koma shirin shinkafa ko masara. Waɗannan yasassun gonaki su ne gidan renon sharon. Idan suka bushe, duk asun da suka ƙyanƙyashe neman koren tumatir suke yi, kuma babu saura sai na mai noman bazara. Shi kaɗai ke karɓar baƙin unguwa gaba ɗaya. Shi ya sa tuge tsohuwar shuka a ƙona ko a binne da zurfi nan take bayan tsinkar ƙarshe, da kifar da ƙasa rana ta gasa waɗanda suka ƙunshe a ciki, ya fi kowace kwalbar magani tasiri, amma aiki ne na gayya. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa a sassan aikin ban ruwa na Kogin Kano su ne suka fi cancanta su sa ranar share gonaki, domin manomi ɗaya ba zai iya tilasta wa maƙwabcinsa ba. A tuna kuma tana rayuwa a kan dankalin Turawa da gauta da wasu ciyayin danginsu da ke bakin kanal.

Tarkon ƙamshin mace shi ne idon manomi. Ɗan roba ne da aka jiƙa da sinadari mai kama da ƙamshin da macen asun ke fitarwa, a rataye shi a saman roba ko tasa mai ruwa da ɗan sabulu ko mai, a ajiye kusa da ƙasa, maza su zo su faɗa. Biyu zuwa huɗu a hekta sun isa sa ido, kuma a sa su mako biyu kafin dashe, har da wurin reno. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce ƙasa da asu 3 a tarko a mako ba damuwa, 3 zuwa 30 a fara ɗaukar mataki, sama da 30 hari ya iso. In ana son rage yawansu da tarkon kansa sai 20 zuwa 40 a hekta. Ana sauya robar duk mako huɗu zuwa shida, a zafin bazara gara huɗun, kuma a riƙa ƙara ruwa don tasar bushewa take yi a kwana biyu. Tarko maza kawai yake kamawa, don haka ba ya maye gurbin duba ganye sau biyu a mako da tsinke waɗanda suka kamu a zuba a leda a ɗaure.

A wajen feshi ne aka fi zubar da kuɗi. Tsutsar da ke cikin ganye maganin da ke kashewa ta taɓawa ba ya isa gare ta, shi ya sa saifametirin da lamda, masu araha da ke kowane shago, ba sa yi mata komai sai kashe ƙwarin da ke cin ƙwanta. Manomi ya ga magani bai ci ba, ya ninka awo, ya haɗa kwalba uku ko huɗu a famfo ɗaya, ya koma feshi duk bayan kwana biyu. Wannan haɗin gambiza shi ne ke ƙera sharon mai taurin kai, domin 'yan kaɗan da suka tsira su ne iyayen na gaba, kuma na gaban yana zuwa cikin mako uku da 'yan kwanaki. Magungunan da ke shiga cikin ganye su same ta dangi-dangi ne, kuma yawancin kamfanoni suna rubuta lambar dangin a jikin kwalba: emamektin da abamektin lamba 6, sifinosad lamba 5, indoksakab lamba 22, su Coragen da Belt lamba 28. Ampligo ma yana ɗauke da sinadarin Coragen, an haɗa shi da lamda, don haka wanda ya bar ɗaya ya koma ɗayan suna kawai ya sauya. Tsarin da ke tsawaita rayuwar magani shi ne a raba kakar zuwa zango-zango na kimanin kwana 30, a yi amfani da dangi ɗaya sau biyu kawai a zango, sannan a bar shi gaba ɗaya a zangon da ke biye.

A tsakanin haka darbejiya tana da aiki, musamman kan ƙananan tsutsa da hana uwa zuba ƙwai. Ana daka ƙwallon 'ya'yanta busasshe bayan an ɓare, giram 500 a lita 10 ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace da tsumma mai laushi don kada ya toshe bakin famfo, a sa ɗan sabulu, a fesa a ranar. Rana tana kashe ƙarfinta, don haka da yamma ake fesawa, kamar dai sauran. Feshin yamma yana samun asu a lokacin fitarsu, ba ya ƙona ganye, kuma ƙudan zuma ya koma gida. Yawan ruwan feshin ma abin lura ne: cikakkiyar gona tana buƙatar lita 300 zuwa 500 a hekta kafin magani ya jiƙa bayan ganye, wato cikin famfon goyo mai lita 16 sau 20 zuwa 30. Yaron da aka biya bisa yawan fili, ya zagaye hekta da famfo takwas yana kaɗa sanda a sama, ya shafa wa gonar turare ne. Ruwan kanal mai laka kuma yana rage ƙarfin magani, a bar shi ya kwanta a duro tukuna.

Farin ƙuda ƙarami ne amma illarsa ba ta gyaruwa. Shi ke ɗauko cutar da ke naɗe ganyen sama ya ƙanƙance ya yi rawaya a gefe, shukar ta tsugune ta daina tsawo. Wanda ya kamu tun yana ƙarami ba zai ba da komai ba, kuma babu maganin da ke warkar da shi, sai tugewa. Yaƙin a wurin reno ake cin sa: a rufe shi ruf da raga mai ƙananan ido daga ranar shuka har ranar dashe, gefunan a danne da ƙasa, kuma kada a yi renon a gefen tsohuwar gona, abin da mutane da yawa ke yi don saukin ruwa. Jan gizo kuwa, wanda ido da ƙyar ke gani a bayan ganye, zafi da ƙura su ne damunarsa. Ganye ya yi ɗigo-ɗigon fari, ya koma ruwan tagulla, daga baya saƙa ta rufe toho. Yakan fara daga gefen hanya inda ƙura ke sauka, kuma yakan ɓarke bayan an yi ta fesa lamda. Abamektin yana cin sa, amma a lissafa shi a cikin zangon lamba 6. Farar wuta (sulfur) ma tana kashe shi, sai dai in zafi ya haura digiri 32 ganyen take ƙonawa.

Duk wannan ne ya sa manoman da suka daɗe a harkar ba sa zuba filinsu duka a tumatirin bazara. Sukan ba shi kashi ɗaya, su dasa shi kashi-kashi da tazarar mako biyu don kada furen duka ya faɗa cikin mako mafi zafi, sauran filin su sa abin da ke son rana: kuɓewa, alayyahu, gurji, yalo, kankana. Tattasai ya ma fi tumatir saurin zubar da fure, barkono ya fi shi haƙuri. Kankana tana isa cikin kwana 75 zuwa 90, kuma a shekarun da azumi ke faɗowa a watannin zafi kasuwarta ba ta kwantai. Ita matsalarta ƙudan zuma take buƙata da sassafe, furenta na rabin yini ne. Wanda ya yi feshi da hantsi shi zai ga 'ya'ya masu karkataccen ciki ko masu faɗuwa tun suna ƙanana. Sai kuma ƙudan da ke sokar ɗan kankana da kokwamba tun yana kamar ƙwai ya zuba ƙwansa a ciki, wurin ya yi ɗan tabo mai danƙo, ɗan ya lanƙwashe ya ruɓe.

Ɗan'uwan wannan ƙuda ne ke addabar mangwaro da gwaiba da lemu. Daga Asiya ya fito, an fara ganinsa a Kenya a 2003, cikin shekara biyu ya mamaye Afirka ta Yamma. Yawansa yana tashi da zarar ruwan farko ya sauka, shi ya sa mangwaron da ke nuna da wuri yakan tsira, na ƙarshen kaka irin su Kent da Keitt su sha wuya. A waje ɗan mangwaron lafiya lau sai ɗan ɗigo, a yanka a tarar da tsutsa. Tarkon wani sinadari mai ƙamshi da ake kira metil yujinol a cikin gorar ruwa da aka huda yana jawo maza daga nesa, amma abin da ke karya zagayen shi ne kwashe duk wanda ya faɗo sau biyu ko uku a mako, a ɗaure a baƙar leda mai kauri a bar shi a rana kwanaki, ko a binne a ramin da ya wuce rabin mita. Tsutsar daga faɗaɗɗen ɗa take shiga ƙasa ta fito a matsayin ƙuda.

Mai tumatirin da ya tsallake Afrilu kuma sai ya tarar da ruwan farko a ƙarshen Mayu ko Yuni yana jiransa, da iska mai kayar da shuka, wani lokaci da ƙanƙara. Fangalin da ya yi amfani a rani yanzu ya zama tafki, don haka wanda ya san girbinsa zai shiga damina, a kan kunya mai tudun santimita 20 zuwa 30 zai dasa tun farko, ya kafa sanduna ya ɗaure shukar kada 'ya'ya su taɓa ƙasa. Ruwan sama yana rage sharon da jan gizo, amma yana kawo baƙin tabo mai zobe-zobe da ke farawa daga ganyen ƙasa. Mankozeb ko maganin tagulla duk kwana 7 zuwa 10 kariya suke yi, in aka jira sai ganye ya ƙone ihu ne bayan hari. Shukar da ta yi yaushi farat ɗaya alhali ganyenta kore ne, a yanke karanta a tsoma a kofin gilashi mai ruwa garau. In an ga wani farin zare kamar madara yana sauka, cutar cikin ƙasa ce da ba ta jin feshi, kuma wannan fili ya huta da tumatir da tattasai da gauta na shekaru, a juya shi zuwa masara ko shinkafa.

Tsinka a bazara da asuba ake yi, a gama kafin hantsi ya ɗaga, a kai inuwa nan take, domin tumatirin da ya yi awa biyu a rana cikin kwando ya riga ya fara dahuwa kafin ya hau mota. Wanda za a kai kasuwar Mile 12 a Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000, ana tsinkarsa ne da zarar gindin ya fara sauya launi. Jajjaye na kasuwar 'Yan Kaba ta Kano ne da kasuwannin kusa. Kwandon kaba da ake ɗora wani kan wani yana matse na ƙasa, tsinin sakarsa yana huda fata, a wannan zafi kuma rauni ɗaya ya isa ya ruɓar da na kewaye da shi kafin a wuce Jebba. Akwatin roba mai cin kimanin kilo 25 yana ɗora nauyi a kan gefunansa, iska na ratsawa, kuma ana iya wanke shi, abin da ba a yi wa kwando, wanda shi kansa yakan dawo da tsutsar sharon daga kasuwa zuwa gona. Sai kuma kwanakin jira da ke rubuce a jikin kowace kwalba tsakanin feshi da tsinka. A lokacin tsada, da ake tsinka duk bayan kwana biyu ko uku, a nan aka fi take su, har da masu fesa maganin ƙwari mai guba na DDVP a kan nunannun 'ya'ya. Hanyar da ta dace ita ce a tsinka tukuna da safe, a yi feshi da yammar ranar da magani mai gajeren jira, sannan a ƙirga kwanakin kafin a sake shiga da kwando.